Harbin Nesa Da Harbin Kusa

Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne baka da kibiya, da yadda ya kamata maharbi ya koyi harbi tun yana gida, kafin ya rataya kwari ya nufi dawa. Na san cikinku akwai waɗanda suka gaji baka tun kaka da kakanni. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa ɗana kibiya ba, iyakarsu su hangi maharbi ya wuce da burtu. Magadan baka su yi haƙuri in sun ji na faɗi abin da suka sani tun suna yara, gama zan kawo musu wani abu kuma daga wata ƙasa mai nisa, su auna shi da nasu.

A ƙasar Amurka, inda bindiga ba ta da wuyar samu, har yanzu akwai mutane masu ɗimbin yawa da ba su son farauta sai da baka. Hukuma ta ware musu lokacinsu dabam cikin shekara. Jihar da ta fara yin haka ana kiranta Wiskonsin, cikin 1934. Naman da suka fi harbi wata dabba ce mai kama da mazo, namijinta yana da ƙahoni masu rassa. Bari mu kira ta barewar Amurka. To, maharban nan suna da wata ka'ida wadda in mutum ya ji ta da fari sai ya ce wauta ce. In sun fita koyo sai su kafa abin bara can nesa, yadi 60, ko 80, wasu ma har 100, su yi ta harbi wata da watanni. Amma ran da suka shiga daji, yawancinsu ba su sakin kibiya sai nama ya matso kamar yadi 20 ko 30. Me ya sa mutum zai wahalar da kansa wajen koyon abin da ba zai yi ba? Amsar wannan ita ce maganarmu ta yau.

Mu fara da yadda farautar baka ta farfaɗo a can, don akwai abin lura ciki. Cikin 1911 wani mutum ya fito daga duwatsun ƙasar Kalifoniya, yunwa ta kusa kashe shi. Shi kaɗai ya rage daga kabilarsa, waɗanda a ke kira Yahi, cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Bai taɓa faɗa wa kowa sunansa na yanka ba, don haka a ka riƙa kiransa Ishi, watau "mutum" da harshensu. A ka kai shi birnin San Faransisko, a ka ba shi masauki a gidan ajiye kayan tarihi na jami'a. Nan ya haɗu da wani likita mai suna Saxton Pope, suka yi abota. Ishi ya koya wa likita sassaƙa baka, da gyaran kibiya, da sanɗa. Ya rasu cikin 1916, ciwon tarin fuka ya kashe shi. Likita kuwa ya ci gaba da farauta tare da abokinsa Arthur Young, har suka zo Afirka cikin 1925 suka harbi zakoki a Tanganika, ƙasar da yanzu ta ke cikin Tanzaniya.

Ga abin lurar. Likitan nan ya rubuta cewa in a ka kafa allon bara a fili a ka ja da baya, ya kan fi Ishi samu. Amma in a ka shiga daji, Ishi ne malami. Kafin farauta ba ya cin kifi, ba ya shan taba, sai ya yi wanka a rafi, don kada nama ya sansano shi. Kullum yana lura da inda iska ta ke kaɗawa. Ya kan sa yatsu biyu a leɓe ya yi kuka irin na zomon da a ka kama, sai zomaye su fito da kansu. Mutanensa kuma su kan sa kan barewa a kansu, su yi ta sunkuyo kamar mai kiwo har su kusanci garke. Wane ne cikinku bai tuna da burtu ba da jin wannan? Teku ce tsakaninmu da su, ba wanda ya koya wa wani, amma dabara ɗaya ce. Duk inda mutum ya dogara ga baka don abincinsa, a wajen matsowa kusa ya ke zuba hikimarsa. Turawan da suka bi bayan Ishi sun riƙe wannan, sa'an nan suka haɗa shi da nasu, watau harbin allo daga nesa.

Yanzu bari mu duba abin da ke samun kibiya bayan ta bar tsarkiya. Kun san yadi a wurin masu tufafi. Yadi guda ƙafa 3 ne, ƙafa kuwa inci 12, dogon takun babban mutum kuma ya kusa yadi. Sakan kuwa kashi ɗaya ne cikin 60 na minti. Baka mai kyau na itace ya kan tura kibiya misalin yadi 60 cikin sakan guda. Tun daga sa'ad da ta tashi, ƙasa tana janta, kamar yadda ta ke jan dutsen da ka saki daga hannu. Faɗuwar nan kuwa ba daidai wa daida ta ke ba, ƙaruwa ta ke yi. In ka miƙe baka sosai, ba ka ɗaga shi sama ko kaɗan ba, kafin kibiya ta ci yadi 20 ta sauka kusan ƙafa 2. A yadi 40 ta sauka ƙafa 7. A yadi 60 ta sauka ƙafa 16, watau kusan tsawon mutum uku. Kun gani, nisa ya ninka sau biyu, faɗuwa ta ninka sau huɗu. Wannan ma ban sa abin da iska ke rage mata na gudu ba. Shi ya sa mai harbin nesa tilas ya ɗaga baka, kibiya ta hau sama ta yi lanƙwasa kamar bakan gizo, sa'an nan ta sauko kan bara.

To, a nan wahala ta ke. Yawan ɗagawa ya rataya ga sanin nisa, ido kuwa maƙaryaci ne. Mu ce ka kan yi kuskuren kashi ɗaya cikin goma wajen kintace, wannan kuwa ba abin kunya ba ne, gwanaye ma su kan yi. Ka zaci nama yana yadi 20, ashe 22 ne. Kibiyarka za ta sauka ƙasa da inda ka auna da kamar inci 2, ba kome, nama ya samu. Amma in ka zaci 50 ne, ashe 55, za ta sauka ƙasa da fiye da ƙafa guda. Maimakon ƙirji sai ta sami ƙafar gaba, ko ta wuce ta ƙarƙashin ciki.

Haka kuma rawar hannu. In hannunka ya goce ɗan kaɗan, yadda kibiya za ta kauce inci guda a yadi 10, wannan gocewar dai ita ce inci 6 a yadi 60. Ga amfanin koyon nesa ke nan, kuma shi ne babba. A kusa, kuskure ɓuya ya ke yi. Mutum ya tsaya taku goma, ya riƙe baka a karkace, ya fizge tsarkiya, kibiya ta sami buhu duk da haka, ya koma gida yana jin kansa sarkin baka. Ja da shi baya taku arba'in, nan take asirinsa ya tonu. Nisa ba ya jin kunyar kowa. In yau ka ja tsarkiya har kunci, gobe ka tsaya a haɓa, nisa zai faɗa maka. In ka kan sauke hannu da sauri don ka ga inda kibiya ta faɗa, zai faɗa maka. In kibau biyu cikin kwarinka ba nauyinsu ɗaya ba, ko kyauron ɗaya ya ɗan tanƙware, zai ware maka su kamar yadda mace ke tsince tsakuwa cikin shinkafa. Wanda ya sha wannan horo wata uku, in ya komo taku ashirin sai ya ga abin bara ya yi masa girma kamar ƙofar zaure. Zuciyarsa ta kwanta, hannunsa ya daina rawa.

Watakila wani ya ce, to, in na gwanance har ina samun faifai a yadi 60, me zai hana in harbi gwanki a yadi 60? Abin da zai hana shi ne, faifai ba shi da kunne. Ƙara tana tafiya cikin iska misalin yadi 370 a sakan guda, watau ta fi kibiyarka sauri sau shida. In nama yana yadi 40, ƙarar tsarkiya ta kan riga kibiya isa da fiye da rabin sakan. Ku ce rabin sakan ba kome ba ne? Ga barewa lokaci ne mai yawa. Da ta ji ƙas, sai ta durƙusa don ta yi tsalle, bayanta ya yi ƙasa, kibiya ta wuce ta sama, ko ta same ta a gadon baya. Ko ma ba ta ji kome ba, dabba mai kiwo ba ta tsayawa wuri ɗaya. Taku guda in ta yi sa'ad da kibiya ke sama, abin da ka auna a bayan kafaɗa ya koma tumbi. Wannan ba laifin hannunka ba ne, ba kuwa yawan koyo da zai gyara shi.

Akwai karin maganar da mu ke yi, wai harbi a wutsiya ya fi kuskure. Ina so masu baka su tsaya su duba maganan nan da kyau. Ga maharbin da ke shafa dafi, tana da gaskiya. Dafin da a ke dafawa da 'ya'yan kwankwani zuciya ya ke kamawa, saboda haka ko a cinya kibiya ta shiga, in dafin sabo ne mai ƙarfi, nama ba ya nisa. Maharbi ya bi sawu ya same shi, ya yanke wurin da kibiya ta shiga ya yar. Amma maharban Amurka kusan ko'ina doka ta hana su dafi. Kibiyarsu da kaifi kaɗai ta ke kisa, bakinta faffaɗa ne kamar aska, sai ta ratsa huhu ko zuciya. Wurin nan kuwa a jikin barewarsu bai fi faɗin faifai ba. In ta sami huhu biyu, dabba ta kan faɗi nan da nan, kafin ta yi gudu mai nisa. In ta sami tumbi ko hanji, sai ta shige kurmi da ciwo, ta kwana tana wahala, ta mutu inda ba mai ganinta. Maharbi bai ci ba, dabba ba ta tsira ba. Don haka su a wurinsu kuskure sarai ya fi harbi a wutsiya nesa ba kusa ba, gama dabbar da ka kuskure tana nan, gobe ma rana ce.

Ni kuwa a ganina, ko mai dafi ya kamata ya ɗauki rabin wannan magana. Dafi ya kan tsufa, ƙarfinsa ya ragu. Babban nama kamar ɓauna ko gwanki in ya ɗauki kibiya a mugun wuri, ya kan yi tafiya mai nisa, dare ya yi, sawu ya ɓace, kura da ungulu su yi biki. Ɓauna mai rauni kuma kowa ya san abin da ta kan yi wa wanda ta tarar a hanya, ko mai itace ne, ko makiyayi. Ga shi kuwa naman dawa ya yi ƙaranci ƙwarai bisa ga zamanin kakanninmu. Kowace dabba da ta mutu a banza hasara ce ga maharba duka.

To, yaya mutum zai yi koyon? Kada ku ɗauki yadi 60 na Amurka ku ce lalle sai shi. Kibiyarsu doguwa ce, tana da gashin tsuntsu ko na roba a gindi, wanda ke daidaita ta cikin iska. Tamu ta kyauro gajera ce, ba gashi, nauyin ƙarfen da ke gaba shi ke jan ta. A kusa tana tafiya sak, amma in tafiya ta yi tsawo sai ta fara lilo. Ka'idar dai ita ce ninki biyu. In a taku 15 ka saba harbin nama, yi koyo a 30. In a 20 ne, yi a 40.

Nemi buhu ka cika shi da ƙaiƙayi ko tsumma, ka danna sosai, ka ɗaura tsohon faifai a tsakiya. Ka jingina shi jikin tudu ko tsohuwar ganuwa. Fara daga taku goma. In kibau biyar sun shiga faifai a jere, ja da baya taku biyar. In sun fara watsewa, tsaya nan, kada ka ƙara, kada kuma ka koma gaba don ka ji daɗi. A nan aikinka ya ke. Sauya abu ɗaya kaɗai kowane lokaci, ko tsayuwa, ko riƙo, ko inda ka ke tsai da hannun ja, don ka san wanne ne ya gyara. Akwai wata dabara kuma mai kyau. Rataya igiya da dutse a ƙarshenta bisa buhun, ta miƙe tsaye. Ka riƙa auna wuri guda can sama jikin igiyar, kana harbi daga taku 10, da 20, da 30. Kibau za su jeru suna sauka, wannan daidai ne. Amma in ka ga jerin yana karkata dama ko hagu, ka san akwai abin gyara, ko a riƙonka, ko a bakan.

Kibau 20 da natsuwa kowace safiya sun fi 200 ran kasuwa. In kafaɗa ta gaji, hannu sai ya koyi mugun hali, mugun hali kuwa ya fi shiga da sauri bisa ga fita. Kibiyar farko ta kowace rana ita za ka fi sa wa ido. A dawa ba wanda zai ba ka goma na gwaji. Za ka daɗe a tsugune, ƙafa ta yi sanyi, ƙudan zuma na yawo a fuskarka, zuciya na dukan uku-uku, sa'an nan ka sami kibiya ɗaya tak. Saboda haka ka riƙa koyo a tsugune, da durƙushe, da kuma cikin rigar da za ka sa ran farauta. Mai fako a kan itace kusa da mashaya ya hau itace ya gwada, gama harbi daga sama zuwa ƙasa ya kan sa kibiya ta sami sama da inda a ka auna. Ka fita kuma ran da iskar hunturu ke busawa, ka ga yadda ta ke kwasar kibiya a taku 40, abin da ba za ka lura da shi ba a taku 10. In koyo ya yi nisa, ka gwada da irin kibiyar da za ka yi farauta da ita, mai nauyi ɗaya da baki ɗaya, amma wadda dafi bai taɓa taɓa ta ba.

Saura koyon kintacen nisa, wanda ba ya bukatar ko baka. In za ka gona, hangi suri ko kututture, ka ce a ranka taku kaza ne, sa'an nan ka taka ka ƙirga. Za ka ga abu ya fi kusa a ido in fili ne fetal, ko in akwai kwari tsakaninku, ya kuma fi nisa cikin duhuwar itatuwa ko da magariba. Mutanen Ingila na dā sun san wannan. A zamanin Sarki Hanri na takwas, wanda ya yi sarauta daga 1509 zuwa 1547, a ka yi doka cewa saurayin da bai kai shekara 24 ba kada ya tsaya yana harbin abu guda daga wuri guda, sai ya riƙa sauya abin bara kowane harbi. Wanda ya kai 24 kuwa, in da kibiya marar nauyi zai yi koyo, sai abin bara ya wuce yadi 220. Amma ku lura, wannan shirin yaƙi ne, inda ɗaruruwan 'yan baka ke zuba kibau kan rundunar da ta cika fili. Ba harbin dabba guda ba ne. Yau ma a Ingila doka ta hana farauta da baka sam, sai wasa. A babban wasan duniya da a ke kira Olimfik, daga mita 70 a ke harbi, watau wajen yadi 76, tsakiyar allon kuwa ba ta kai faɗin inci 5 ba.

Cikin 1969 wani Ba'amurke mai suna Holless Allen ya sami takardar mallakar wani sabon irin baka da ya ƙago, mai 'yan faya-fayai masu juyawa a kai da gindi. In ka ja shi har ƙarshe sai nauyinsa ya ragu ƙwarai, ka riƙe ka auna a natse. Yana tura kibiya kusan yadi 100 a sakan. Daga baya kuma a ka fito da wani ɗan madubi wanda in ka duba dabba ta cikinsa zai rubuta maka nisanta. Waɗannan sun sa wasu maharba, musamman masu farauta a filayen yammacin Amurka inda ba wurin ɓuya, suna harbi a yadi 50 ko 60, har ma fiye. Gardama kuwa ba ta ƙare ba tsakaninsu a kan wannan. Ni dai ina bayan masu matsowa. Madubi ya gyara kintace, sabon baka ya rage faɗuwa, amma har yanzu ƙara ta fi kibiyar nan sauri kusan sau huɗu, dabba kuma ba ta daina taku ba.

Kowane maharbi ya kamata ya san iyakarsa da lissafi. Ga yadda za ka san taka. Kwana goma a jere, ka harba kibiya ɗaya kaɗai da sassafe, daga nisan da ka ke zato ka iya. In tara ko goma sun shiga faifai, wannan nisa naka ne a kan buhu. Don nama kuwa, rage kashi ɗaya cikin uku, saboda bugun zuciya da motsin dabba. In bakwai kaɗai suka shiga, matso taku biyar ka sake kwana goma.

Abu guda ya rage, shi ne wurin koyo. Kibiyar da ta tsallake buhu tana iya cin yadi 150 ko fiye kafin ta faɗi. Kada a kafa bara ta wajen hanyar rijiya, ko burtali, ko bayan dangar wani. Kafin a fara a zaga bayan tudun a duba, ko akwai yara masu kiwon awaki. In mutum biyu ko uku ke koyo tare, su tsaya a jeri ɗaya, kada kowa ya tafi ɗebo kibau sai duk an ajiye baka. A ƙirga kibau kafin a fara, a ƙirga bayan an gama, wadda ta ɓace cikin ciyawa a neme ta har a gani, don mutanenmu da yawa ba takalmi su ke tafiya ba.

Iyakar abin da na zo da shi ke nan. Wanda ke da tambaya ya yi, ina kuma roƙon dattawan maharba da ke nan su faɗa mana a taku nawa su ke saki.